ALLURA KAFIN WUƘA

Wannan magana ta masu gida ce da matansu, da iyaye, da surukai, da ungozomomin ƙauye, da duk wanda ya ke da mace mai ciki a hannunsa. A karanta ta a zaure, a kuma shiga da ita cikin gida a karanta wa mata, gama su ne abin ya fi shafa.

Yawancin mata su kan haihu da kansu lafiya lau. Amma akwai waɗansu da likita zai duba a wurin awo, ya ga haihuwa ta hanyar da aka saba za ta zama hatsari gare su, ko ga abin da ke cikinsu. Irin waɗannan a kan sa musu rana, a ce su zo asibiti a yi musu aiki a ciro jaririn tun naƙuda ba ta tashi ba. Aikin nan ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai akwai wani abokin gaba da ya kan biyo bayansa, watau ciwon da ƙwayoyin cuta su ke kawowa a wurin yankan ko a cikin mahaifa.

Akwai allura guda ɗaya da ke tare wannan ciwo. Ba ta da wuyar yi, amma tana da lokacinta. In an yi ta a kan lokaci ta yi aiki sosai, in an kuskure lokacin amfaninta ya ragu. Lokacin kuwa shi ne minti 30 zuwa 60 kafin likita ya sa wuƙa. Za mu bayyana muku dalilin haka, da abin da ku mutanen gida za ku yi don kada lokacin ya wuce.

WACE MACE A KE SA WA RANA?

Likita ba ya sa wa mace rana haka kawai. Ga waɗansu daga cikin dalilan. Wata mabiyiya ce ta sauko ta tare bakin mahaifa, in naƙuda ta tashi jini zai ɓalle mata. Wata jaririn ne ya gicciye, ba ya da hanyar fita. Wata ƙugunta ne ya yi ƙanƙanta. Wata an riga an yi mata aiki sau biyu ko fiye, ana tsoron kada tsohon ɗinkin mahaifar ya yage. Wata an yi mata gyaran yoyon fitsari, ba a so gyaran ya warware. Wata kuma 'yan biyu ne, na farkon bai juyo da kai ƙasa ba. A kan sa ranar yawanci sa'ad da ciki ya cika mako 39, watau saura kamar mako guda lokacin haihuwa ya yi, sai fa in akwai dalilin da zai sa a gaggauta.

Wadda aka sa wa rana ta yi sa'a, gama an ga hatsarin tun yana nesa. A Zariya, tsakanin 1976 da 1979, wani likita mai suna Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti, ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka gani shi ne mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda aka kawo su a gaggauce bayan sun galabaita a gida. Matan da suka yi awo kuwa kaɗan ne ƙwarai suka rasu. Don haka ranar da likita ya sa ba abin tsoro ba ce, kuma ba abin kunya ba ce. Macen da aka yi wa aiki ba raguwa ba ce, haihuwa ta yi kamar ko wace mace.

INDA CIWON YA KE FITOWA

Ƙwayoyin cuta waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna nan a fatar ko wane mutum, da hancinsa, da hanjinsa, da gaban ko wace mace, ko da mai tsabta ce. Muddin fata tana rufe ba su yin ɓarna. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. A wurin aikin nan kuwa a kan yanka fata, a buɗe ciki, a yanka mahaifa. Kun ga an buɗe musu ƙofa ke nan.

Likitoci suna iyakar ƙoƙarinsu wajen tsabta. Tun a 1847 wani likita mai suna Semmelweis, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya nuna cewa wanke hannu da ruwan magani yana rage mutuwar masu jego ƙwarai. A yau a kan dafa kayan aiki, a wanke hannu, a sa safar hannu, a goge cikin mace da gabanta da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duk da haka ba a rasa 'yan kaɗan da za su tsira su faɗa cikin yankan. In suka sami wuri, sai su yi ta hayayyafa cikin jini da naman da aka yanka.

Bayan 'yan kwanaki sai ɓarnar ta fito. Ɗinki ya kumbura ya yi ruwa, ko ya buɗe. Ko mahaifa ta kamu, zazzaɓi ya rufe mai jego, jinin biƙi ya yi wari. In abin ya yi tsanani ƙwayoyin su shiga jini, su bi jiki duka, har a rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin ko waɗanne mata 10 da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa, kamar 1 irin wannan ciwo ne ya kashe ta. Macen da aka yi wa aiki kuwa ta fi wadda ta haihu da kanta hatsarin kamuwa da shi, daga ninki 5 har zuwa ninki 20.

MAGANIN DA A KE BAYARWA

A 1928 wani masani mai suna Alexander Fleming ya gano fenisilin a birnin Landan. Daga baya aka sami waɗansu magunguna danginsa masu kashe ƙwayoyin cuta a cikin jiki. Biyu daga cikinsu su ne aka fi yabawa wajen wannan rigakafi, sefazolin da amfisilin. Gari ne fari a cikin 'yar kwalba, a kan narka shi da ruwan allura, a zuba ta jijiyar hannu, ta robar nan da a ke ƙarin ruwa. Ta jijiya a ke ba da shi domin ya shiga jini nan take. Mace mai ƙiba ƙwarai a kan ƙara mata yawansa. Wadda jikinta ba ya karɓar fenisilin kuwa akwai waɗansu magunguna dabam da a ke ba ta.

Amfanin allurar ba zato ba ne. A 2014 masana na wata ƙungiya da a ke kira Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 95 da aka yi a ƙasashe dabam dabam, a kan mata fiye da 15,000. Suka ga allurar tana rage ruɓewar ɗinki da ciwon mahaifa da sauran ciwo mai tsanani da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Watau inda mata 10 za su kamu, sai 3 ko 4 kaɗai su kamu. Suka kuma ga tana da amfani ga wadda aka sa wa rana, kamar yadda ta ke da amfani ga wadda aka kawo a gaggauce. Don haka ko wace mace da za a yi wa aikin nan ya kamata a yi mata ita, ko da lafiyarta ƙalau.

ME YA SA SAI A WANNAN LOKACI?

Mai gadi yana da amfani ne in ɓarawo ya tarar da shi a bakin ƙofa. In sai da aka kwashe kaya ya iso, zuwansa bai tsare kome ba. Haka maganin nan ya ke. Ana so ya riga ya bi jini, ya cika fata da kitse da naman mahaifa, kafin a yi yankan. Ƙwayoyin da suka faɗa ciki sai su tarar da shi yana jiransu, su mutu tun ba su kafa gida ba. In suka riga shi, su kan ɓuya cikin gudajin jini da ke wurin yankan, inda magani ba ya isa sosai.

Wani likitan Amurka mai suna John Burke, a birnin Bostan, ya gwada wannan a jikin ɓerayen Masar, ya bayyana abin da ya gani a 1961. Ya sa musu ƙwayoyin cuta a fata, waɗansu ya ba su magani kafin, waɗansu bayan. Waɗanda maganin ya riga ƙwayoyin shiga jikinsu su ne suka fi tsira. Ko wace sa'a da aka jinkirta, ƙarfin maganin ya ragu. Waɗanda aka bari har sa'a 3 ta wuce kuwa, mikinsu ya zama daidai da na waɗanda ba a ba su kome ba.

To, sai wani ya ce, tun da haka ne me zai hana a yi allurar tun jiya da dare, a huta? Amsa ita ce magani ba ya zama a jiki. Ƙoda tana tace shi, yana fita cikin fitsari. Sefazolin, cikin kamar sa'a 2 rabinsa ya fita, bayan wata sa'a 2 rabin abin da ya rage ya bi shi. Wanda ya turara ɗaki da azahar don korar sauro, kafin magariba hayaƙin ya watse, sauro ya shigo abinsa.

A 1992 likitoci a Jihar Yuta ta Amurka suka ba da labarin mutum 2,847 da aka yi wa aiki iri iri, suka duba lokacin da aka yi wa ko wannensu allura. Ga yadda lissafin ya fito, in an auna shi bisa mutum 1,000. Waɗanda aka yi wa da wuri ƙwarai, fiye da sa'a 2 kafin aiki, 38 ne ɗinkinsu ya kamu. Waɗanda aka yi wa cikin sa'a 2 kafin a sa wuƙa, 6 kaɗai. Waɗanda aka yi wa cikin sa'a 3 bayan an fara aiki, 14. Waɗanda aka yi wa bayan haka kuwa, 33. Ku duba da kyau. Magani dai an ba kowa, lokaci ne ya raba su. Sammako da yawa ɓarna ne, makara ma ɓarna ce.

YADDA A KE YI DA, DA ABIN DA YA SA AKA SAKE

Shekaru masu yawa likitoci ba su yi wa mace allurar nan sai an ciro jariri an ɗaure cibiya. Dalilinsu kuwa na tausayi ne. Sun san magani yana bin cibiya ya isa jikin jariri, suna tsoron kada ya cuce shi, ko ya ɓoye alamun ciwo a jikinsa har a kasa ganewa. Amma kafin a ɗaure cibiya an riga an yanka fata, an buɗe mahaifa, watau ƙwayoyin cuta sun riga magani shiga.

Sai aka shiga gwada hanyoyin biyu. A 2014 masanan Cochrane suka haɗa gwaje-gwaje 10 da aka yi a kan mata 5,041. Waɗansu an yi musu allurar kafin yanka, waɗansu bayan ɗaure cibiya. A cikin waɗanda aka yi wa kafin yanka, ciwon mahaifa ya ragu da kusan rabi, ruɓewar ɗinki ta ragu da kamar kashi 40 cikin 100. Jariransu kuwa ba su fi na sauran kamuwa da ciwo ba.

Tun kafin wannan, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta riga ta sake umurninta a 2010, Ingila ta bi a 2011. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba dukan ƙasashe shawara cewa a yi allurar kafin a yanka fata. A 2021 ta sake fitar da shawara a kan wannan rigakafi, allura ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Don haka in wata tsohuwa ta ce ita da aka yi mata aiki sai da aka ciro ɗan aka yi mata allura, gaskiya ta faɗa, haka a ke yi a lokacinta. An ƙaru da sani ne aka sake.

In aikin gaggawa ne, ran uwa ko na jariri yana cikin hatsari, ba za a tsaya jiran minti 30 ba. A kan yi allurar nan take a shiga aiki. Wannan ma yana cikin fa'idar aikin da aka sa wa rana, gama shi ne ke ba da sararin yin kome a kan lokacinsa.

ALLURA ƊAYA TA ISA

Mutane da yawa sun ɗauka yawan allura shi ne kyawun asibiti. In an yi wa mace aiki aka kwana biyu ba a yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ba, sai dangi su fara gunaguni, su ce an yi banza da ita. Ba haka ba ne. An gwada an gani, ga macen da ba ta da ciwo kafin aiki, allura ɗaya a kan lokaci tana tsare ta daidai da allurar kwanaki. Da an rufe yankan, ƙofar da ƙwayoyin su ke shiga ta rufu.

Yawan magani ba dalili kuwa yana da illa. Yana cin kuɗi. Yana iya kawo gudawa da ƙaiƙayi. Mafi muni, ƙwayoyin cuta su kan saba da shi, har su daina jinsa, ranar da a ke bukatarsa da gaske ya ƙi aiki. Likita ya kan ƙara allura ta biyu in aikin ya daɗe ƙwarai, kamar sa'a 4, ko in mace ta zubar da jini fiye da lita 1 da rabi. Wadda kuma ta zo da zazzaɓi, ko faya ta daɗe da fashewa har mahaifa ta kamu, wannan ta wuce rigakafi, magani sosai a ke yi mata na kwanaki, kuma tilas ta shanye shi duka yadda aka faɗa mata.

AIKIN MUTANEN GIDA

Likita da nas su ne masu yin allurar, amma sau da yawa mutanen gida su ne ke sa a makara. Mu ɗauki misali. A ce an sa wa mace ran Talata da ƙarfe 9 na safe, aka ce ta zo ta kwana a asibiti ran Litinin. Mai gida ya ce kasuwa ce ran Litinin, sai gobe da sassafe. Gari ya waye, mota ba ta cika da wuri ba, suka iso 9 saura kaɗan. Nas ta ce, "Malam, ina maganin da aka rubuta maka?" Ya laluba aljihu, ga takardar nan a naɗe, bai saya ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, bari in je yanzu." Ya tarar da layi a wurin sayar da magani. Yanzu ko dai a ɗaga aikin, wata ta shiga gabanta, ita kuwa tana kwance da yunwa, ko kuwa a yi kome a gurguje. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da ya kamata ku yi.

Na farko, da an sa rana mai gida ya je da kansa ya ga likita, ya ji bayani, ya ba da yardarsa. Ya tambayi kuɗin da za a kashe, ya fara tanadi. A watan Nuwamba 2024 Gwamnatin Tarayya ta Nijeriya ta ba da sanarwar yin wannan aiki kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka sa cikin shirin. Ku tambaya ko asibitinku yana ciki. A nemi 'yan uwa lafiyayyu da za su ba da jini in an bukata.

Na biyu, a waɗansu asibitoci dangi su ke sayo kayan aiki. In an ba ku takarda, ku sayi abin da aka rubuta duka tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a wurin sayar da magani na asibitin ko wani kemis mai rajista. Kada ku saya a hannun masu talla a kasuwa, gama akwai jabu, akwai kuma wanda rana ta kashe. Ku duba ranar lalacewarsa a jikin kwalbar. Ku danƙa shi a hannun nas tun da wuri.

Na uku, a gaya wa likita in mace ta taɓa shan wani magani ko aka yi mata wata allura, jikinta ya yi ƙuraje, ko fuskarta ta kumbura, ko numfashinta ya sarƙe. Wannan magana tana iya ceton rai. A kuma faɗi duk maganin da ta ke sha, na asibiti da na gargajiya, da ko tana da ciwon sukari.

Na huɗu, kada a sayo mata kafso a kemis ta yi ta sha kafin ranar, wai don rigakafi. Ba zai tsare ta ba, gama zai fita daga jiki kafin aiki, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Na biyar, ta yi wanka da sabulu daren ranar ko da safe. Kada ta aske gashin mara da reza, gama reza tana barin 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, inda ƙwayoyin cuta su ke taruwa. In da bukata, a asibiti za a rage shi.

Na shida, za a faɗa mata lokacin da za ta daina cin abinci, yawanci sa'a 6 zuwa 8 kafin aiki. Kada a tausaya mata a ba ta fura ko kunu ko jiƙo a ɓoye. In ta ci, ko dai a ɗaga aikin, ko ta yi amai ya shaƙe ta. Addu'a kuwa a yi ta yi, ba ta hana kome.

Na bakwai, in naƙuda ta tashi, ko faya ta fashe, ko jini ya zo kafin ranar da aka sa, a kama hanyar asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Kada a ce bari a gwada a gida.

Ita ma mai cikin tana da bakin tambaya. Sa'ad da a ke shirya ta, ba laifi ta ce wa nas, "Sista, an yi mini allurar rigakafin kuwa?" Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

BAYAN AN KOMA GIDA

Allurar tana rage ciwo ƙwarai, amma ba ta kawar da shi ɗungum ba. Sau da yawa kuma ciwon ba ya fitowa sai an sallami mace, daga kwana 4 zuwa mako guda, wani lokaci har cikin wata guda. Don haka ido ya koma wurin mutanen gida. A mai da ita asibiti ran nan, ba sai gobe ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi ko rawar ɗari, ɗinki ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ya buɗe, ciwon mara da ke ƙaruwa, jinin biƙi mai wari, ko jini ya ƙaru bayan ya ja baya, zafi wajen fitsari, numfashi da sauri, ko jiri, ko ruɗewa. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a sayo ƙwaya a kemis. Ko da shi ne, a bari asibiti su auna su faɗa.

A bar ɗinki a bushe, cikin tsabta. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi. Kada a shafa masa toka, ko man kaɗanya, ko garin magani. Wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, da gasa ciki, da kwanciya bisa gadon wuta, duk ba su dace da mai ɗinki ba. Ruwa mai ɗumi ya isa. A yi hankali da kunun kanwa, gama likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciya da kumburi da ke kama masu jego. A ba ta abinci mai gina jiki, nama da ƙwai da wake da ganye, domin miki ya warke da wuri. Ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida, amma ban da daka, da ɗebo ruwa, da ɗaukar kaya mai nauyi, har mako 6. Allurar ba ta hana shayarwa. A sa jariri a nono da wuri, ya sha nonon farko, watau dakashi, kada a zubar da shi. A koma asibiti ranar da aka ce a koma, ko da ta ji sauƙi.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Mai ciki ta je awo, domin a ga hatsari tun yana nesa.
2. In an sa rana, a cika alkawari, a je a kan lokaci.
3. Ko wace mace da za a yi wa aiki a ciro jariri tana bukatar allurar rigakafin ƙwayoyin cuta.
4. Lokacinta minti 30 zuwa 60 kafin a sa wuƙa.
5. A tanadi magani da kuɗi da masu ba da jini tun kafin ranar.
6. A faɗa wa likita maganin da jikinta ba ya karɓa.
7. Ban da kafso na kemis, ban da reza, ban da abinci a ɓoye.
8. Allura ɗaya ta isa, sai in likita ya ga dalilin ƙari.
9. Zazzaɓi, ko wari, ko ɗinki mai ruwa, a koma asibiti ran nan.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In akwai abin da ba ku gane ba, ku tambayi malamin asibiti ko ungozomar da ke ɗakin shan magani mafi kusa da ku. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa, amin.